Taurari Uku a Mokpo

Shekara hamsin da ɗaya ina feɗe kifi a kasuwar bakin teku.
Hannuna ya san inda ƙaya take tun wuƙa ba ta isa ba.
Lissafi a ka nake yi, ban ci won ɗin kowa ba,
ba a kuma ci nawa ba.

Amma ran nan, a shagon taliya na gefen tashar jirgin ƙasa,
ba yaro, ba yarinyar karɓar kuɗi,
sai wani allo tsaye yana ƙyalli, ko gaisuwa bai iya ba.
Na taɓa nan, ya kai ni can.
Na taɓa can, ya ce in sake.
Layi ya miƙe a bayana, wani ya yi gyaran murya.
Na ce wa raina, ai dama ba yunwa nake ji ba.
Cikina ya yi ta ƙaryata ni har ƙofar gida.

Zauren tsofaffi, Talata da Juma'a.
Ham Ji-ung, yaro mai ɗan kunne guda,
ya raba mana alluna kamar faifan shan iska.
Ya ce, "Kaka Geum-rye, wasa ne fa.
Nan ba layi, ba mai gyaran murya,
in kin ɓata, ko ƙwandala ba ta yi ciwon kai ba."

Wasa! Ni da jikoki huɗu.

Wata kyanwa ce a ciki, mai jan wuya, yunwa ta dame ta,
sai ka saya mata abinci a wurin allo irin wancan,
abokin gabata, har ƙyallinsa.
Ranar farko bai ma san da ni ba.
Gishiri ya busar da yatsana, gilashi bai ji shi ba.
Na danna da ƙarfi kamar mai kashe kuɗin cizo.
Yaron ya ce, "A'a. Yaya kike taɓa kifi
ki gane ko na yau ne?"
Na ɗora yatsa a hankali.
Allo ya buɗe.

Na saya wa kyanwa kwano arba'in bisa kuskure.
Ta kumbura, ta mirgina, ta yi gyatsa,
muka yi dariya har haƙoran Ok-bun suka nemi faɗowa.
Rabon da in yi kuskure a yi dariya tare da ni,
ba a kaina ba,
na manta.

Tsoho Pyo, da ya ƙare ƙuruciya cikin injin jirgin ruwa,
yana rufe allonsa da hula kada mu ga makinsa.
Tauraro ɗaya gare shi. Na leƙa.
Ni biyu, kuma barci ya ƙi zuwa:
ina kwance ina taɓa iska,
babban kwano, ba yaji, a nan zan ci, saka kati.
Sati na biyar na uku ya faɗo,
kyanwa ta rusuna mini.

Ran Asabar na sa rigata mai ruwan ƙasa,
na hau bas, na sauka a tasha.
Yana nan yadda na bar shi.
Gabana ya faɗi, na bar shi ya faɗi,
na taɓa shi kamar kifin safe.
Babba. Ba yaji. A nan. Kati.

Ba tauraro, ba kyanwa, ba tafi.
Wata 'yar takarda ce ta zaro harshe: lamba arba'in da bakwai.
Kwano ya zo da ƙwai biyu, ni ɗaya na nufa.
Na cinye su duka.

Takardar tana jikin hoton maigidana,
shi da ya rasu bai yarda da ko na'urar wanki ba.
Talata zan zauna kusa da Pyo,
in ce ya ɗage hular nan.