Kunnen Jemage

Gab da magariba, a mahaɗar asibitin sojoji,
maɗatai suka fara zubar da ganye zuwa sama.
Ba ganye ba ne, jemagu ne,
dubu kan dubu, suna keta hayaƙin Akra.
Yaron mota na ta kiran Nima, Mamobi, Nima.
Ina riƙe da gwiwar hannun Baba,
shi yana riƙe da sandarsa.

Ya ce, "Sun tashi."
Na ce, "Ka gan su?" Sai na ciji harshe.
Ya yi dariya. "Na ji su."

Shekara goma sha tara ke nan
da nakiya ta buɗe baki a ƙasar da ba tamu ba,
inda aka tura Saja Labaran rabon faɗa.
Ta haɗiye ido biyu, ta bar masa kunne.
An ce gani ya kori ji.
A gidanmu, ji ne ya ci gādon gani.
Yakan ƙyasta harshe, tak,
bango ya amsa masa da murya guda,
kwata ta amsa da wata,
rumfar mai dokunu ta ce masa kauce hagu.

Daga bakinsa na ɗauko aikina.
Ba waɗannan manyan na bi ba,
masu neman mangwaro da ido da hanci.
Ƙananan cikin silin na bi,
masu jefa kira cikin duhu
su jira duhu ya maido musu da canji.
Wata bakwai muna naɗar kukan da kunnenmu ba ya ji,
har muka ƙera abu bai fi goro ba,
muka liƙa wa ƙaramin jirgi marar matuƙi.
Ba fitila, ba tauraron ɗan'adam,
ya ratsa ɗaki cike da kujeru bai taɓa ko ɗaya ba.

A ɗakin da ke kusa, Kwabena na kiwon ƙudan zuma
masu zaro harshe in sun ji warin albarushi,
ladansu ɗigon ruwan sukari.
Akwai gafiya kuma, mun sa mata suna Ladidi,
tana shinshino abin da aka binne a yashi
a sallame ta da ayaba.
Da can cewa ake, gafiya tsira da na bakinki.
Yau ƙafar wani take tsirarwa.

Ranar Talata Manjo ya zo, takalminsa na ƙyalli.
Mita nawa yake ji?
Shi ana jin sa?
Zai bambance mutum da bango?
Na ce zai bambance.
Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa.

Da dare na sa wa Baba abin a tafin hannu.
Ya juya shi, ya auna, ya kai kunne.
Ya ce, "Zulai, jemage kira biyu gare shi.
Ɗaya don kada ya yi karo,
ɗaya don ya kama ƙwaro.
Wannan naki, in ya ji mutum a duhu,
wa yake gaya wa?"

Ban amsa ba.
Takardar tana jakata, gobe ake son sa hannu,
kuɗin ciki kuwa zai gyara rufin da ke yoyo
daidai kan gadonsa.

Mun fito sayen koko sai aka ɗauke wuta.
Nima ta yi ɗif, wata mata ta zagi kamfani,
na laluba waya, ba caji.
Tak, in ji Baba. Lungu ya amsa.
Ya ce, "Kama hannuna.
Akwai rami nan gaba, taku uku."