Rumbu a Sama

Saƙon ya shigo bayan la'asar,
ina bisa dutsen bayan gidanmu a Birni,
inda waya ke kamawa da kyau:
maki dubu sittin da ɗaya gare ka.
Ƙara dubu tara, katinka ya koma na zinariya,
ko kuwa ka karɓi tikiti guda, zuwa da komawa.

Shekara huɗu ina tara su.
Ba gumi ya kawo su ba, zama ne,
gwiwa a takure bayan kujerar wani,
takalman da Kalla ya ɗinka a Zango
suna kwance a duhun cikin jirgi
tsakanin Yamai da Kasabalanka,
ni ina bisansu ina lissafi.

Mai katin zinariya ba ya bin layi, in ji su.
Akwai ɗaki mai sanyi da shayi kyauta,
na taɓa leƙa shi da aka buɗe wa wani ƙofa.
Amma abin da ya riƙe mini wuya
kilo ashirin da uku na ƙari ne:
takalmi ƙafa arba'in ke nan,
kowace tafiya, ba ko dala.

Kalla ya saurare ni, zare a haƙori.
Ya ce, wanda ya tsamo fata daga bagaruwa
tun ba ta ƙoshi ba,
wari zai kai kasuwa.
Tafiya biyu ta rage maka. Daure.

Na tarar da Inna Tsahara gaban famfo,
jarka bakwai a jere,
yau kwana uku bai ko yi tari ba.
Ta ce, rumbun nan naka, ina yake?
Na ce, a sama.
Ta ce, tiyar awon fa, hannun wa?

Ban amsa ba.
Bara dubu arba'in da biyar ke kawo mutum gida,
bana sun ce hamsin da takwas.
Ba a yi fari ba, fara ba ta sauka ba,
tiyar ce kawai ta yi girma cikin dare
a wani ofishin da ban san ƙofarsa ba.

Sa'ade na can tana karatun haɗa magani.
Ni nakan gan ta, rabin wuni,
tsakanin wannan jirgi da wancan.
Inna kuwa damina uku
muryarta kaɗai take samu,
ta kanga wayar a kunnen da ya fi ji,
tana tambaya ko an rame,
kamar rama na da sauti.

Na kwana ina juyi.
In na jira, ribar tana da yawa, lissafi bai ƙarya.
Na buga shi sau uku, sau uku ya ba Kalla gaskiya.
Sai dai lissafin bai da gurbin
da zan sa yadda Inna ke dafa bango yanzu
kafin ta miƙe daga sallar asuba.

Da hantsi na sake hawa dutsen.
Ƙadangare ya riga ni, yana ta gyaɗa kai,
ban san wa yake mara wa baya ba.
Na kira Sa'ade: yaushe za ku gama jarrabawa?
Ta ce, lafiya, Baba?
Na ce, faɗi ranar kawai.

Saura maki dubu uku,
ba su kai mutum ko Mirya.
Kuɗin bas daga Yamai, aljihuna zai ji shi.
Kalla ya ce ni ba ɗan kasuwa ba ne,
ya ci gaba da huda fata.

Inna ba ta ce madalla ba.
Na dai ji ta a zaure tana ciniki da ga-ruwa:
daga ranar sha bakwai ga wata,
ka riƙa ƙara mana jarka biyu.