Ƙirgen Dattijo a Aboabo

Shekara arba'in ina ƙirga goro a Kumasi,
biyar-biyar har ƙwarya ta cika,
ban taɓa kuskuren ƙwaya ɗaya ba.
Da hannun dama ya yi mini yaji bayan jinya,
likita ya ce a nema wa yatsu aiki.

Sai ga jikata Fulera daga Kejetiya
da farin ƙyalle mai ƙofofi kamar rariya,
da allura marar tsini,
da takarda mai gidaje-gidaje,
wai aku ne a ciki, in na yi haƙuri.

Ta ninka ƙyallen biyu, ta sake ninkawa.
"Nan ce cibiya, Kaka, daga nan ake tashi.
Zaren nan sili shida ne, biyu za ka zare.
Kada ka ƙulla,
bar masa wutsiya a baya, ɗinki zai danne ta."

Na shiga ta ƙasa, na fito ta sama,
na dawo na gicciya.
Ɗaya ke nan.
Ɗaya tak, har ladan ya kira la'asar.

Alhaji Ɗantsoho ya leƙo ta katanga,
ya ce, "Sarkin huhu ya koma surfani?"
Ban tanka ba, ina kan sha bakwai,
wanda ke ƙirge ba ya amsa ba'a.

Daren Talata aka ɗauke wuta,
ruwa na dukan kwano,
na ci gaba da fitilar waya a tsakanin haƙora.
Da gari ya waye
bakin akun ya karkace kamar mai jin haushi.
Gida ɗaya na tsallake.
Ɗaya!
Ni da fataken Salaga ke karɓar lissafina ido rufe.

Na ce a bar shi, wa zai gani?
Fulera ta juya ƙyallen ta baya,
inda zare ba ya iya ƙarya,
ta miƙo mini allurar, ba ta ce uffan ba.

Na warware layi tara.
Jan zaren ya yi laushi, ya gaji da ni.

Yau kwana ashirin.
Akun bai da fiffike tukuna,
ido ɗaya gare shi, yana kallona.
Amma da safe na ɗauki kofin koko
da hannun dama,
ban zubar ba.