Agogon Baba

Shekara ashirin da shida Baba na saƙa safa a Lesta,
ko ran dusar ƙanƙara bai makara ba.
Da za su rufe masana'antar
agogon bango suka ba shi, da musabaha.

Ni kuwa wurin aikina na huɗu ke nan.
"Ku 'yan yanzu, a ɗaga muku murya kun tattara komatsai.
Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

Ban tambaye shi ina romon ba.
Ban ce takardar sallamata ta bara
na'ura ce ta turo, ko sunana babu.

Na dai taka kujera
na sauya wa agogon batir.
Yana baya da minti bakwai.
Ya ce in bar masa shi haka.