Siga Ta Takwas

Jirgin ruwan ya bar gaɓar Dalcahue da bakwai,
ruwan sama na dukan tagarsa a kaikaice.
A aljihun rigar sanyina akwai filashi
wanda bai kai ɗan yatsa ba,
ina ta taɓa shi
yadda harshe ke komawa kan haƙori mai ciwo.

Ni na rubuta manhajar.
Shaguna goma sha tara a tsibiran nan
da ita suke riƙe bashi:
gari, man jirgi, igiya, batir,
wa ya ɗauka, wa ya ce sai kifi ya yi kuɗi.

Bara na kai wa Don Aurelio siga ta bakwai.
Na danna, ta shige, ta ce an gama.
Har ya ɗora buta a wuta.
Ya buɗe zai duba bashin gidan Cárcamo,
allo ya fito fari fat.
Ashe na ƙunso rumbu fanko cikin kayan,
sunansa ɗaya da nasa,
baƙo ya shigo ya kwanta a kan mai gida.
Shekara goma sha ɗaya.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Cewa kawai ya yi: "Herminia ta shigar da na farkon.
Takan rubuta wani abu a gefen kowane suna."
Herminia kuwa, shekara biyu ke nan da binne ta.

Gwangwanin biskit ya fitar da ni kunya.
Ƙarƙashin zare da maɓallai
ga filashi ɗaure da jan ulu.
Ita ta koya wa 'yarsu kwafewa duk Asabar,
'yar ta riƙe, ban da mako uku da ta yi jinya.
Makonnin nan sun tafi ke nan.
Mutane suka riƙa zuwa suna faɗin nasu da baki,
wani ya manta da kwalin taba,
wata tsohuwa ta ƙara wa kanta buhun gari
don ba ta tabbata ba.

Tun ranar na raba ɗaki da rumbu.
Ɗakin nawa ne, in rushe, in sake gini.
Rumbun nasu ne, yana can gefe,
inda kayana ba sa sauka.
Kafin sabuwar siga ta ɗaga ko tsinke
sai ta kwafe tsohon, ta sa masa kwanan wata,
sannan ta yi sallama ta tambaye shi:
a ina ka tsaya?
In ya ce huɗu, ba ta cilla shi takwas.
Biyar, shida, bakwai,
da matakala ake hawa bene.
Akwai shago a Quenac da har yau yana huɗu,
mai shi ya ce lafiyarta ƙalau, me zai sa ya taɓa.

Kuma ko duka, ko babu.
In wuta ta ɗauke ana tsakar aiki
kowane layi ya koma mazauninsa.
Na gwada a ɗakina, dare da dare,
sau talatin ina fizge waya daga bango
har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ta ce lafiya?

Yau bai ɗora buta ba.
Yana tsaye a bayana, hula a hannu.
Na nuna masa adadi kafin in danna:
dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida.
Ya rubuta a bayan takardar sukari.
Sandar ta yi ta rarrafe, ta tsaya a tsakiya,
na ji bugun zuciyata a kunne,
ta ci gaba.

Dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida.

Bai yarda da lamba ba, ya nemi Cárcamo.
Ga sabon gurbi na lambar waya, ba komai ciki,
a gefensa kuma, yadda ta bar shi,
har da harafin da ta tsallake:
"Kada a matsa msa, injinsa ya mutu."

Ya daɗe yana kallo.
Sannan ya juya, ya nemi ashana.