Layi Tara

A Runjin Sambo an ɗauke wuta tun la'asar.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
cajin waya saura kashi goma sha ɗaya,
ina rubuta yadda babana ke jima:
bagaruwa, toka, kashin tattabara,
da jan da ake tatsa daga karan dafi.

Mu huɗu ne a kan rubutun nan,
ba wanda ya san muryar wani.

Folashade ta Ibadan, kalma ɗaya na gyara mata.
Ta gode ran Talata,
Laraba ta dawo da godiyar jiya.
Na ce wannan tamu ce, Kwara ce ta raba mu.

Shi kuwa Haruto, in ka taimake shi
sai ya ba ka haƙuri:
"Na wahalshe ki, ki gafarce ni."
Kwana biyu ina neman laifin da ya yi mini.

Eero, can inda rana ke ƙin faɗuwa,
ya nemo mini hoton wata jaka
da ta bar garin nan kafin a haifi kakata.
Na zauna na jera masa:
ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi,
Allah ya saka, ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a.
Layi tara.
Amsa ta zo: "To."

Inna Kulu na tankaɗe, na karanta mata.
Ta ce, "Wanga yaro, wa yar rene shi?
Ko ɓarin goro anka ba ka, ai ka ce madalla."
Na kwanta da abin a wuya, kamar ƙayar kifi.

Da asuba wuta ta dawo.
Duk inda na yi gaggawa
na bar harafi ba ƙugiya, tsaye kamar sanda,
an bi an lanƙwasa,
ɗari da arba'in da biyu.
Da ƙamus ya kwana, na tabbata,
don ya yi tuntuɓe sau ɗaya:
bakin wuƙar babana ya koma baƙi.

Na gyara, ban faɗa masa ba.
Inna daga madafa: "Kin ba shi tukwici?"
Na rubuta "To."
Na ajiye wayar, na zuba ruwa a buta,
na dawo,
hannuna ya ƙi.
Na ƙara: "Ya sanyi?"