Tururuwa a Gwangwanin Sukari

Rumfar shayina tana bakin titin Sarnath,
inda damina ke wanke tsoffin tubala.
Yau da asuba na buɗe gwangwanin sukari,
na tarar tururuwa sun kafa gari.

Na ɗaga butar ruwan zafi.
Hemlata ta riƙe mini hannu.
Mabiyar Jaina ce, ba ta kai loma baki bayan faɗuwar rana,
ruwan sha ma sai ta tace da ƙyalle.
Ta juye sukarin a faranti, ta kai gindin ɓaure,
ta tsuguna har ta ƙarshensu ta fice.
Shayinta ya huce.

Na tuna uwata:
gurasar farko ta saniya,
ta ƙarshe ta karen layi,
mu 'ya'yanta muna tsakiya.

Sai ga Sumangala, ɗan zuhudun Buddha,
mayafinsa kalar ɓawon lemo,
yana tafe yana raɗa:
duk mai rai ya zauna lafiya,
na kusa, na nesa,
wanda aka haifa da wanda ke hanya.

Na ce, har da yayana Dhaniram
da ya cinye gonar ubanmu?
Ya ce, fara da kanka, sannan tururuwa.
Shi bar shi ƙarshe,
amma kada ka bar shi a waje.

Da dare na gwada.
Sunansa ya maƙale mini kamar ƙayar kifi.
Na kurɓi ruwa, na sake.
Rabinsa ya fito.